Rubuta Tun Kana Da Baki: Sharhi Kan Wasiyya Da Amanar Dukiya

 Sharhinmu na yau ya shafi wata magana ce da yawancinmu ba ma son a ɗauko ta a zaure, wato wasiyya, da sauran hanyoyin da mutum zai bi ya kimtsa dukiyarsa domin iyalinsa tun yana da rai da lafiya.

Na san abin da wani zai ce tun ban yi nisa ba. Zai ce, Malam, ai mu Musulmi Allah ya riga ya hutar da mu, shi da kansa ya raba gado a cikin Alƙur'ani, to mece ce kuma ta wata takarda? Rabin maganarsa gaskiya ce. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, an yanka wa kowa rabonsa. Matar aure tana da tumuni idan mamaci ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, kuma ko su huɗu ne wannan kason za su raba a tsakaninsu. Miji yana da rubu'i ko rabi. Uwa da uba sudusi-sudusi idan akwai 'ya'ya. Ɗa namiji yana ɗaukar rabon 'ya'ya mata biyu. Babu lauya, babu alƙali, kai har mai dukiyar kansa, da ke da ikon ƙarawa ko ragewa.

Sai dai ayoyin sun faɗi yadda za a raba ne, ba su lissafa abin da za a raba ba. Ba su ce gidan da ke Kurna na Alhaji ne shi kaɗai ko kuwa haɗin gwiwa suka yi da ƙanensa ba. Ba su ce buhu nawa ne nasa a cikin sito a Dawanau, nawa ne kuma na mutanen da suka ba shi ajiya ba. Ba su faɗi sunan Bafulatanin da ke riƙe masa da shanu ba. Duk wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci ranar da ake shari'ar gado ya san cewa lissafin tumuni da sudusi ba ya ɗaukar wani lokaci, malami mai ilmin fara'ili zai kammala shi kafin shayi ya huce. Abin da ke cin shekaru, ya raba 'yan ɗaki da 'yan ɗaki, ya sa 'yan uba su daina gaisawa a masallaci, shi ne tambaya guda: me mamaci ya mallaka, kuma me ake binsa? Mutum ɗaya ne ya san amsar dalla-dalla, shi kuwa an kai shi makwancinsa.

Mu tuna da jerin da shari'a ta tsara. Daga abin da mamaci ya bari ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa. Sai bashi. Sai wasiyya. Abin da ya rage ne kawai ake kira gado. Ke nan kafin magaji ya taɓa ko sisi, sai an wuce matakai biyu da ba su tabbata sai da rubutu ko shaidu. Kuma ba a banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. To amma dubi yadda muke kasuwanci. A Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, dukiyar miliyoyi tana fita daga hannu zuwa hannu da kalma ɗaya, "ɗauki, ka kawo in ka sayar." Wannan yarda abin alfahari ce, ban raina ta ba. Amma ranar da mai shago ya kwanta dama, waɗanda suke binsa bashi za su bayyana tun kafin sadakar uku, waɗanda yake bi kuwa da yawansu za su zo gaisuwa, su yi addu'a, su tashi ba su ce uffan ba.

Akwai wani bashin da ba ma ko ɗaukarsa bashi, shi ne na cikin gida. Ragowar sadakin da aka ce za a cika daga baya. Sarƙar gwal ɗin da Hajiya ta sayar aka zuba dakin na sama. Kuɗin adashenta da aka ara aka biya kuɗin makarantar yaran kishiyarta. Gonar da ta gada a wurin mahaifinta, maigida ya haɗa da tasa yana nomawa shekara da shekaru. Duk waɗannan hakkinta ne, kuma kamata ya yi a fitar mata da su kafin a zo maganar tumuninta. Amma tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, mazan dangi suna zaure suna lissafi. In ta buɗe baki a ce ta cika son abin duniya, mijinta ko kwana arba'in bai yi ba. Layi biyu da mijin zai rubuta da hannunsa, ya kafa shaidu, sun isa su raba ta da wannan tozarcin.

Addini bai bar wannan magana a matsayin ganin dama kawai ba. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya a kansa ya yi kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Malamai sun ce ga wanda ake bi bashi ko yake riƙe da amanar wani da ba a sani ba, abin ya wuce mustahabbi, ya zama wajibi. Masu cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, su saurari labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka, a shekarar Hajjin Bankwana, a lokacin 'ya ɗaya tak gare shi. Ya nemi izinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana shi. Aka amince masa da sulusi, aka kuma nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya warke, ya haifi 'ya'ya da dama, ya rayu fiye da shekara 40 bayan wannan zance.

Akwai iyakoki biyu da kowa ya kamata ya haddace. Wasiyya ba ta wuce sulusi. Kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado, sai fa idan sauran magada sun amince. Saboda haka wanda ya rubuta cewa ya bar wa ɗan autansa gidan da ke bakin titi don ya fi yi masa biyayya, ya sani bai rubuta komai ba face fitina.

To sulusin na wane ne? Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne muka fi yin sakaci. Ɗauki mutum mai 'ya'ya maza uku, babban ya rasu tun mahaifin yana raye, ya bar yara ƙanana. Ranar da kakan ya rasu, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, waɗannan jikoki ba su da komai, baffanninsu sun katange su. Wataƙila mahaifinsu ne ma ya yi wahalar tara dukiyar, shi ya riƙa kwana a kan hanyar Legas da lodin kaya. Ƙasar Masar ta ga wannan matsala, a shekarar 1946 ta yi dokar da ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wani kaso daga cikin sulusi, ko kakan ya rubuta ko bai rubuta ba, wasu ƙasashen Larabawa kuma suka bi sahu. Mu a nan ba mu da wannan doka. Abin da muke da shi shi ne ƙofar da shari'a ta bari a buɗe: kakan ya yi musu wasiyya, ko ya ce ya saukar da su a matsayin mahaifinsu, a ba su daga sulusi. In bai yi ba, sai dai abin da baffanni suka ga dama, kuma mun sha ganin iyakar damar da suke gani.

Ba jikoki kaɗai ba. Akwai ɗan riƙon da ya tashi a gidanka tun yana rarrafe, bai san wani uba ba sai kai, amma ba ya gadonka. Akwai agola. Akwai yaron shagon da ya yi shekara ashirin yana buɗe maka ƙofa da asuba. A gidaje da yawa a Kaduna da Filato da Adamawa da Gombe, akwai Musulmin da mahaifiyarsa Kirista ce, bambancin addini ya hana gado a tsakaninsu, amma bai hana wasiyya ba. Ga kuma rijiya, ga makarantar allo, ga asibitin unguwa. Dukansu sulusi zai iya ɗauka. Da yawa daga masu hali suna mutuwa ba su taɓa wannan dama ba, ba don rowa ba, sai don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu.

Wani aikin wasiyya da ya fi rabon kuɗi muhimmanci shi ne naɗa wasiyyi, wato mutumin da uba ya zaɓa ya kula da 'ya'yansa ƙanana da dukiyarsu har su mallaki hankalin kansu. Kai ka san 'yan'uwanka fiye da alƙali. Ka san wanda in an ba shi ajiyar naira dubu zai dawo da ita, ka san wanda zai ce ya juya ta ne ta faɗi. Idan ba ka zaɓa ba, za a zaɓa maka, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya a zaman dangi shi ke tafiya da makullai. Shawarata, kada ka naɗa mutum ɗaya. Ka naɗa biyu, ka kuma tambaye su tun yanzu ko sun karɓa.

Yanzu sai yadda ake rubutawa. Wasu suna zaton in sun rubuta a littafin aljihu sun jefa a durowa shi ke nan. A fiƙihun Malikiyya, takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci, ba tare da ya kafa mata shaidu ko ya yi umarnin a zartar da ita ba, ba a aiki da ita, domin mai yiwuwa tunani ne kawai yake yi, ko ya sauya ra'ayi daga baya. Ana bukatar shaidu biyu adalai. Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Shahararriyar mawaƙiyar nan ta Amurka, Aretha Franklin, ta rasu a 2018, daga baya aka tsinci wata wasiyya da rubutun hannunta a ƙarƙashin matashin kujera, wata daban kuma a cikin kabad, 'ya'yanta suka yi ta shari'a sai a 2023 kotu ta tsayar da wadda za a bi.

A Najeriya kuma akwai wani tarihin shari'a da ya kamata mai sauraro ya sani kafin ya shiga ofishin lauya. Wani Musulmi mazaunin Arewa ya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Wanda aka tauye ya kai ƙara, Mai Shari'a Muhammad Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya yanke cewa wasiyyar ta saɓa wa shari'ar Malikiyya. Amma a 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da Adesubokan da Yunusa, ta soke wannan hukunci, ta ce dokar Ingila ta ba mutum 'yancin ba da dukiyarsa ga wanda ya so. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka ce wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa ba zai tsallake ta ba, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilorin ta rushe wasiyyar wani Alhaji a shari'ar Ajibaiye bisa wannan dalili. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya sa wasiyya da kyauta da wakafi da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Abin da wannan ke nufi ga mai gida a Kano, fili a Abuja, shago a Legas, shi ne dokar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Kada ka wadatu da malami shi kaɗai, kada kuma ka wadatu da lauya shi kaɗai. Malami ya duba maka iyakar sulusi da waɗanda suka cancanta, lauya ya tabbatar an sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, shaidun ba sa cikin masu amfana, sannan a ajiye kwafi a rajistar babbar kotu. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa abin da ya rage a raba shi bisa shari'ar Musulunci. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa dokar ta ba su sarari fiye da haka, kuma rashin rubutawa ya fi yi musu illa, domin nan ne al'adar gari da dokar gwamnati suke karo a kan gwauruwa da marayunta.

Ga wani kuskuren da ya zama ruwan dare. Idan mutum ya buɗe asusu a banki, akwai gurbin da ake rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta a nan shi ne mai kuɗin in ta Allah ta kasance. Ko kusa. Wannan sunan wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takarda daga kotu. Haka kuɗin fansho, ga kuma inshorar rai da dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikata, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Duk suna nan, amma sai iyali sun san da su kafin su nema. A 2023 hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta ce ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar cewa asusun da ya yi shekara 10 ba a taɓa shi ba, a mayar da kuɗin wurinsa ya riƙe har mai shi ko magadansa su zo. Ka tambayi kanka, a cikin waɗannan kuɗi nawa ne na mutanen da suka ɓoye wa matansu lambar asusu. Yau ga kuma dukiyar da ke cikin waya: asusun manhaja, kuɗin kirifto, bashin da shaidarsa kaɗai saƙon WhatsApp ne. Ba na cewa ka rubuta lambar sirrinka a cikin wasiyya. Ka dai rubuta cewa asusun yana nan, da inda za a sami makullinsa.

Wani zai ce, to ni ba sai in raba abina tun ina raye ba, in huta? Kana da wannan iko, kyauta halal ce, kuma ba ta da iyakar sulusi matuƙar kana da lafiya. Amma tana da sharaɗin da ke kayar da mutane da yawa, wato wanda aka ba ya karɓa, abin ya fita daga hannunka da gaske kafin ka rasu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya yi wa 'yarsa Nana A'isha kyautar dabino daga gonarsa, ba ta riga ta girbe ta kwashe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya shaida mata cewa tun da ba ta karɓa ba, yanzu ya zama na magada duka. Idan haka ta faru da Uwar Muminai, ina ga wanda ya ce "na ba ki gidan nan" a tsakar gida, ya ci gaba da karɓar kuɗin haya, takardun kuma suna ɗauke da sunansa? Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, sauya sunan mai fili a birni yana bukatar amincewar gwamna, sai an bi ta ofisoshi irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja. Akwai wahala da kashe kuɗi, na sani, amma wahalar da ka guje wa ita ce za ta ninka a kan 'yarka. Sannan a yi adalci. Lokacin da Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya so Manzon Allah ya shaidi kyautar da ya yi wa ɗa ɗaya ban da sauran, ƙin shaidawa ya yi. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mu zo ga tsarin da lauyoyi da kamfanoni suka fara tallatawa a Abuja da Legas, har ya fara shigowa Kano da Kaduna, wato sanya dukiya a asusun amana tun mutum yana raye. Asalinsa daga dokar Ingila ne, amma a Amurka ya fi bunƙasa. Yadda yake shi ne mutum ya rubuta yarjejeniya, ya mayar da gidansa da hannun jarinsa da asusunsa ƙarƙashin sunan amanar, yawanci shi da kansa ke gudanarwa muddin yana da rai, yana kuma iya sauyawa ko sokewa. Ya ambaci wanda zai karɓi riƙon idan ya rasu ko hankalinsa ya gushe. Ranar da ya rasu, mai riƙon zai ci gaba da aiki bisa abin da aka rubuta ba tare da jiran kotu ba. Dalilin da ya sa Amurkawa suke rububinsa a bayyane yake. Tantance wasiyya a kotunansu yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma kowa na iya zuwa ya karanta abin da ka bari. A jihar Kalifoniya doka ce ta yanka ladan lauya: kashi 4 cikin ɗari na dala dubu 100 na farko, kashi 3 na dubu 100 na biyu, kashi 2 na dubu 800 da ke biye. Ke nan dukiyar dala miliyan ɗaya za ta biya lauya dala dubu 23, mai zartar da wasiyya ma yana da hakkin karɓar kwatankwacin haka.

Shin yana da amfani a wurinmu? Ina ganin yana da shi, ga wasu. Mai masana'anta ko kamfanin sufuri da ba ya so motoci su tsaya, albashi ya tsaya, saboda an rufe asusu ana jiran kotu. Mai ɗa naƙasasshe da zai bukaci kulawa har ƙarshen rayuwarsa. Mai 'ya'ya ƙanana da yake so kuɗin makarantarsu ya riƙa fita duk zango ba tare da uwarsu ta je durƙuso gidan baffa ba. Mun ga manyan gidajen kasuwanci a Arewa da suka watse cikin 'yan shekaru bayan rasuwar mai su, ba don an ci amana ba ma, sai don an yanyanka jarin har ya kasa ɗaukar kansa. Ga irin waɗannan, kamfanin riƙon amana mai rajista da hukuma ya fi ɗan'uwan da ba ya ajiye rasit. Amma a tambayi ladansu na shekara tun kafin a sa hannu, a kuma tabbatar an sauya sunan kadarorin da gaske, domin amanar da ba a zuba komai a cikinta ba takarda ce kawai.

Inda nake ja da masu tallan shi ne inda suke raɗa wa Alhaji cewa da wannan tsari zai iya kauce wa rabon gado, ya ba wanda ya so, ya hana wanda ya so. Ka auna shi da ma'aunin da muka ambata. Dukiyar da kake juyawa, kake ci, kake da ikon dawo da ita gobe, ba ta fita daga hannunka ba. Ranar da ka rasu gado ce, ko da wane suna ke kan takardar. Saboda haka Musulmin da zai yi asusun amana, ya rubuta a ciki cewa bayan ransa mai riƙo zai biya bashi, ya fitar da wasiyya, ya ba kowane magaji rabonsa na shari'a ko ya juya masa shi da yardarsa.

Kuma kada a ɗauka baƙon abu ne gaba ɗaya. Muna da wakafi, wanda a Kano aka fi sani da hubusi, har akwai Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da irin tasu. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibara a kan ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci, ya kuma damƙa kulawarta a hannun 'yarsa Nana Hafsa bayansa. Ana iya yin wakafi ga zuri'a. Amma malaman Malikiyya sun toshe ramukan da masu wayo ke bi. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wakafin da mutum ya yi wa kansa ɓatacce ne, haka wanda ya yi wa 'ya'yansa maza ya cire mata, haka wanda bai sake shi daga hannunsa ba har mutuwa ta riske shi. Wannan na tsakiyar ya kamata a maimaita shi a ƙauyukan da har yau ake cewa mace ba ta gadon gona, a bar gandu a hannun maza har jikoki da tattaɓa-kunne, a wayi gari mutum sittin suna da hakki a fegi ɗaya, ba mai iya sayarwa, ba mai iya ginawa.

'Yan'uwanmu da ke saurarenmu daga ƙetare, ku abin ya fi matsa wa. A Ingila, in ka rasu ba wasiyya, dokar ƙasar ce za ta raba, kuma auren da aka ɗaura a masallaci a can ba tare da rajista ba, kotu ba ta ɗaukarsa aure. Akwai kuma harajin gado na kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam dubu 325, in ban da wasu rangwame. A Ghana, dokar gado ta 1985 da ake kira Doka ta 111 tana hawa kan duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Mazauna zangon Kumasi da Nima da ke son a raba musu bisa shari'a, hanyar da ta fi tabbas ita ce su rubuta.

Iyayenmu mata, ban manta da ku ba. Hajiya mai gidan haya, mai sayar da atamfa, uwar adashe da kuɗin mata talatin ke hannunta, wannan magana taki ce kamar yadda take ta Alhaji.

Ba sai kana da bene ba, mai sauraro. In babur ɗaya ne da bashin mai shago, shi ma abin rubutawa ne. Ka sami littafi a daren nan, ka rubuta abin da ka mallaka da inda takardunsa suke, wanda kake bi da wanda ke binka, ajiyar wa ke hannunka, matanka da 'ya'yanka duka, har da waɗanda gidan ba su sani ba. Gobe ka kai wa malami ya duba, ka kira mutum biyu da ka yarda da su su shaida, ka sa kwanan wata. Duk lokacin da aka yi haihuwa, ko aure, ko saki, ko ka sayar da wata kadara, ka ɗauko shi ka gyara.